Me ake nufi da "fomatin"? Amsar tana jikin tsohuwar kwamfutar PDP-11

Idan mai gyaran waya ya ce sai an yi wa katin memori fomatin, abin da kowa ke ji shi ne hotuna da waƙoƙinsa sun tafi. Gogewa kenan a fahimtar yawancinmu. Asalin aikin kuwa shata fili ne. Sabon faifan ajiya kamar fili yake da ba a yanka ba: sai an ja masa layuka zagaye-zagaye, an raba kowane layi gida-gida, an ba kowane gida lamba, sannan kwamfuta ta san inda za ta ajiye abu da inda za ta nemo shi.

Masu tayar da tsofaffin kwamfutoci su suka fi kowa sanin haka, don su ke shan wahalarsa. A ɗauki PDP-11, wadda kamfanin DEC na jihar Massachusetts a Amurka ya fitar a 1970. A kanta fomatin hawa biyu ne. Na farko shi ne shatar kanta, kuma allon lantarkin cikin kwamfuta da ke sarrafa faifan ne yake yin ta da salonsa. Shi ya sa mutum zai samo faifai lafiyayye, ya haɗa shi da wani allo irin wannan mai suna RQDX3, injin faifan yana juyawa sumul, amma kwamfutar ta nuna kamar ba komai a jone. Wani allon ne ya yi shatar, wannan kuwa bai iya karanta rubutun wancan ba. Mafita ita ce a sake shatawa da manhajar gwaji ta XXDP.

Wani faifan PDP-11 mai suna RL02, mai cin megabait 10, ya fi ban tausayi. Alamomin da ke yi wa ɗan abin da ke karanta faifan jagora tun daga masana'anta aka rubuta su, injin kansa ba ya iya sake su. Wanda ya goge shi da maganaɗisu da niyyar tsabtacewa ya kashe shi ke nan har abada. Megabait 10 fa, abin da hoton waya uku ko huɗu za su cinye yau!

Hawa na biyu ya fi sauƙi: buɗe rajistar da ke faɗin wane fayil ke wane gida. A RT-11, ɗaya daga cikin manhajojin da ke tafiyar da PDP-11, umarnin INIT ke yin wannan, ba ya ɗaukar lokaci.

Fomatin ɗin gaggawa da ake yi wa katin memori yau wannan na biyun ne kaɗai. Rajista aka yage aka buɗe sabuwa, kayan suna nan a gidajensu har sai an rubuta wani abu a kansu. Abin da ya sa kenan masu dawo da bayanai ke iya zaƙulo hotuna daga katin da mai shi ya sayar yana zaton ya share shi tas.