Nauyi a Tsakiyar Duniya

Duk abin da ya kai ainihin tsakiyar duniya ba ya da nauyi ko kaɗan. Duwatsu da ƙarfen da ke kewaye da shi suna jan sa ta kowace fuska da ƙarfi iri ɗaya, sai jan nan ya soke na can. Haka abin yake a cikin kowace duniya mai siffar ƙwallo, irin su Mirrihi (Mars).

Tarihi

A wasiƙun da masana kimiyya biyu na Ingila, Robert Hooke da Isaac Newton, suka yi musaya daga ƙarshen 1679, sun yi gardama kan hanyar da abu zai bi idan ya faɗa zuwa tsakiyar ƙasa. Newton ya zana layi mai nannaɗewa, Hooke ya ce ba haka ba ne. Daga baya suka yi saɓani kan wanda ya fara gano ƙa'idar wannan jan da ke tsakanin abubuwa, masana tarihi kuma ba su gama yanke hukunci ba. A littafinsa Principia na 1687, Newton ya tabbatar da lissafi cewa ɓawon ƙwallo mai rami ba ya jan abin da ke cikinsa. Ke nan mai gangarawa, abin da ke ƙarƙashinsa ne kawai ke jan sa.

Amma jan ba ya raguwa nan take. A 1854 masanin taurari George Airy ya sauka da agogo mai lilo cikin ramin haƙar kwal na Harton a Ingila, ya tarar agogon ƙasan ramin yana gaba da na sama da kimanin daƙiƙa biyu a rana, wato jan ya fi ƙarfi a can ƙasa. Dalili shi ne cikin duniya ya fi samanta cunkushewa. Ƙarfin jan, wanda yake 9.8 a ma'aunin masana a doron ƙasa, yakan hau zuwa kusan 10.7 a zurfin kilomita 2,900, sannan ya sauka har sifili a zurfin kilomita 6,371.

Ramin ratsa duniya

Da za a huda rami daga wannan gefe zuwa wancan, babu iska a ciki, abin da aka saki zai wuce tsakiya da gudu ya ɓulla can bayan kamar minti 42 bisa tsohon lissafi, ko 38 bisa na 2015. Rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, bai wuce kilomita 12 da ɗoriya ba.

Matsi

Rashin nauyi bai hana matsi ba. A tsakiya ya ninka na iskar doron ƙasa fiye da sau miliyan 3, zafi kuwa ana ƙiyasta ya haura digiri 5,000.