Riƙon Jika a Hannun Kaka: Tambayoyi da Amsoshi

A cikin garin Gombe, daga Jekadafari zuwa Bolari da Pantami, da wuya ka bi layi ba ka tarar da gidan da tsohuwa ke riƙon jika ba. Ga wasu tambayoyin da suka shafi wannan riƙo.

Me ke kai yara hannun kakanni?

A da, yaye ne babban dalili. A kai yaro gidan kaka don ya manta nono, wani daga nan ya zarce har girma. Yanzu kuwa mutuwar aure ce kan gaba, sai rasuwar uwa wajen haihuwa, sai rikicin Boko Haram da ya koro iyalai daga Borno da Yobe, aka bar marayu a hannun tsofaffi.

Idan aure ya mutu, wa shari'a ta ba reno, wa kuma zai ciyar?

A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta. Idan ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa. Amma ci da sha, tufafi, magani da karatu duk suna wuyan uba, ko a gidan wa yaron yake kwana. A nan ne ake yawan zaluntar tsofaffi. Sai ka ga an sauke wa mace mai shekara 65 yara uku, tana suyar ƙosai da asuba don ta ciyar da su, uban kuwa sai da Sallah yake aiko da ɗinki. Kunya ke hana ta buɗe baki. Wannan hakki ne, ba roƙo ba, kuma ya kamata kawunnai da baffanni su faɗa wa uban gaskiya.

Gaskiya ne goyon kaka yana shagwaɓa yaro?

Akwai ƙamshin gaskiya. Tsakanin kaka da jika a al'adarmu wasa ne: ta ce masa "maigidana", ya tsokane ta, ba mai jin haushi. Wannan yana da daɗi idan ziyara ce. Idan kuwa ita ce uwa ita ce uba, dole wasan ya san iyakarsa: lokacin dawowa gida, lokacin Islamiyya, da wanda ake yawo da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsohuwar da gwiwa ba ta barin ta bin sawun ɗan shekara 14, ta nemi namiji ɗaya a dangi wanda yaron ke shakka, ya riƙa leƙowa, ya duba wayarsa da littattafansa.

Me ya sauya a kula da lafiyar yara?

Abubuwa da yawa. Jariri nono zalla zai sha har wata 6, ba ruwa ba jiƙo. Idan babu uwa, a nemi shawarar ma'aikatan asibiti kafin a fara ba shi komai. Rigakafi ana fara shi ne daga haihuwa, sai a mako 6, 10 da 14, sannan allurar ƙyanda a wata 9. A adana katin. Da damina ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kada a mayar da masu rabon. Gudawa kuma, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc. Sannan maganin hawan jini ko na ciwon suga da Hajiya ke ajiyewa ƙarƙashin matashi, a ɗaga shi sama inda hannun yaro ba ya kai.

Jikan da aka riƙa zai ci gadon kakansa?

Ba lallai ba. Idan uban yaro ya riga kakan rasuwa, kuma kakan yana da 'ya'ya maza da rai, sun shamakance jikan, wato ba zai ci gado ba. 'Ya'yan 'ya mace kuwa ba sa cikin magada a Malikiyya. Mafita ita ce kyauta tun ana raye, a damƙa ta gaban shaidu, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba, a rubuce. Haka nan a karɓo wa yaron takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a kuma tara dangi tun da sauran ƙarfi a ambaci sunan wanda zai karɓi riƙon idan ciwo ya kwantar.