Dokar Turawa kan riɗi da zoɓo: wa za a ci tara?

Tun da aka fara yankan riɗi wani saƙon murya yake yawo a WhatsApp daga Gumel har Maigatari: wai Turawa sun kafa doka, duk gonar da aka ga yaro a cikinta ba za a sayi amfaninta ba, mai gonar kuma za a ci shi tara. Ranar Alhamis da yamma, bayan an taso daga kasuwar Maigatari, kawuna ya zaro wata takarda mai shafi uku daga aljihun gaba, wadda dillalinsa ya ce ya dangwala mata yatsa. "Kai ɗan nan, duba mini. Sammaci ne?" Na ce, "A'a Kawu, tambayoyi ne kawai." Girman gona, su wa ke aiki a ciki, wane magani ake fesawa, wa ke yin feshin. Dillalin kuwa tuni ya zabtare masa kuɗi a kowane buhu, wai saboda sabuwar doka.

Dokar akwai ta, ba ƙage ba ce. Tarayyar Turai ce ta yi ta, ta zama doka ranar 25 ga Yulin 2024. Abin da take cewa shi ne babban kamfani ya daina fakewa da "ni dai saye na yi". Dole ya bi diddigin inda kayansa suka fito, ya duba ko ana tauye haƙƙin mutane a can, ko ana jefa ma'aikata cikin haɗari, ko ana gurɓata ruwa da ƙasa, ya hana abin da zai hanu, ya gyara wanda ya riga ya faru, ya kuma buɗe hanyar kai ƙorafi. Maganar ta yi ƙarfi ne bayan da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh a 2013, mutum sama da 1,100 suka mutu, yawancinsu masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a kantunan Turai da Amurka. Faransa ta yi tata dokar a 2017, ta Jamus ta fara aiki a 2023.

Su wa ta hau kansu? Da farko kamfanonin da ke da ma'aikata sama da 1,000 da cinikin da ya haura yuro miliyan 450 a shekara. Da manyan 'yan kasuwa suka yi ta kuka, a ƙarshen 2025 aka amince a ɗaga zuwa ma'aikata 5,000 da yuro biliyan 1.5, aka kuma tura fara aiki da ita zuwa Yulin 2029. Manomi, dillali, ƙungiyar manoma, mai sito a Dawanau, babu ko ɗaya a lissafin.

To, maganar tara. A rubutun 2024 an ce tarar za ta iya kaiwa kashi 5 cikin 100 na cinikin kamfani a duk duniya, gyaran baya ya sauke ta zuwa kashi 3. Kowace ƙasa a Tarayyar za ta naɗa hukumar da za ta sa ido, kuma kamfanin da ke ƙarƙashinta take tuhuma. Hukumar Jamus ba ta da hurumin aiko wa mutumin Sule Tankarkar takardar tara, ba ta ma san da zamansa ba. Shi kansa kamfanin ba don an samu matsala a wata gona ake cin sa tara ba. Ana cin sa ne idan bai duba ba, ko ya duba ya gani ya kau da kai. Shi ya sa takardu suke gangarowa: na Turai ya tambayi mai fitar da kaya a Legas, shi ya tambayi na Dawanau, na Dawanau ya tambayi dillali, dillali ya tsaya a kan Kawu. Kowa shaida yake nema cewa ya tambaya. Babu layi ɗaya a dokar da ya ce a rage wa manomi kuɗin buhu. Yanke hulɗa da mai kawo kaya ma ba shi ta sa a gaba ba, cewa ta yi a fara da gyara, a taimaka wa ƙananan da ake saye a hannunsu su cika sharaɗi.

Inda aka fi ruɗewa shi ne batun yara. Ma'aunin da dokar ta ɗauko na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, yarjejeniya ta 138 kan shekarun fara aiki da ta 182 kan munanan ayyukan da ake sa yara, kuma Najeriya ta amince da su duka tun 2002, wato ba yau suka zama namu ba. Ƙungiyar kanta ba ta lissafa ɗan taimakon da yaro ke yi wa iyayensa a matsayin laifi, muddin bai cutar da lafiyarsa ba, bai hana shi karatu ba. Yarinyar da ta zauna gefen innarta bayan la'asar suna ɓarar zoɓo, ko yaron da ya riƙe bakin tamfol ana kakkaɓe riɗi, ba su ake nema ba. Wanda ake nema shi ne ɗan shekara 14 da aka goya wa tankin feshi da tsakar rana, ba takunkumi ba takalmi, maganin yana zubo masa a gadon baya, ya dawo gida da ciwon kai a ce rana ce ta buge shi. Aiki mai haɗari ga wanda bai kai 18 ba haramun ne a ma'aunin. Wannan kam ko ba Bature ai mun san ba daidai ba ne.

Wasu suna kafa hujja da wake: "Ai haka suka yi mana a 2015." Gaskiya ne a shekarar Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, amma saboda ragowar maganin ƙwari irin su fiya-fiya da aka samu a ciki ne, kuma wata doka ce daban ta lafiyar abinci. Akwai kuma wata da za ta hana shigar kayan da aka yi da aikin tilas daga Disambar 2027. Ita ce mai tare kaya, ba wannan ba. Ga shi ma yawancin riɗinmu Asiya da Turkiyya yake tafiya, zoɓo kuma Meziko ce babbar kasuwarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dokar da kanta ta ambaci haƙƙin ƙananan manoma na samun kuɗin shiga da zai ishe su rayuwa, ta kuma ce kamfani ya duba yadda yake saye, kada tsarin sayensa ya zama shi ne sanadin cutar. Na juya takardar Kawu gaba da baya, babu gurbin da aka tambayi nawa aka saya a hannunsa. Alhali yaron nan ya goya tanki ne saboda kuɗin ɗan ƙwadago ya fi ƙarfin uban. An ba manyan kamfanoni sassauci har 2029, mai kadada biyu kuwa an ce ya dangwala kafin a ɗora buhunsa a sikeli.

Mun cike takardar da gaskiya. A gurbin mai feshi Kawu ya yi jim, ya ce in rubuta sunansa, daga bana shi zai riƙa yi, ko ya biya babban mutum. Kuɗin da aka zabtare kuma na ce ya nemi dillalin ya nuna masa inda aka rubuta. Ya kira shi a gabana. Dillalin ya ce takardar tana Kano, zai zo da ita Alhamis mai zuwa.