Kwansaltan: me yake sayarwa, kuma yaya ake lissafin kuɗinsa?

A asibiti in aka ce kwansaltan, ana nufin babban likitan da ya gama ƙwarewa a fanni guda. A ma'aikatun gwamnati da bankuna da ƙungiyoyin agaji kuwa, kwansaltan shi ne mutum ko kamfani na waje da ake ɗaukowa ya warware wata matsala takamaimai cikin wa'adi, a sallame shi ya tafi. Jaridu kan kira irin waɗannan kamfanoni da kamfanonin tuntuɓa. Ba ɗan gida ba ne. Sunansa ba ya cikin masu albashi, ba a tara masa fansho, kuma yanke hukunci ba nasa ba ne, na wanda ya ɗauko shi ne.

Sana'ar ta rabu gida biyu. Na harkar gudanarwa shi ake tambaya me ya sa ciniki ke ƙaruwa amma riba tana raguwa, ko yaya za a haɗe sassa biyu da ke aiki iri ɗaya. Na fasahar kwamfuta shi ke zaɓo manhaja, ya girka ta, ya duba tsaron bayanai, ko ya kwashe su daga sabar ofis zuwa ma'ajiyar intanet irin ta AWS ko Azure. Yau katangar da ke tsakaninsu ta kusa rushewa, domin da wuya ka sauya yadda ake sayen kaya ko biyan albashi a wata hukuma ba tare da ka taɓa manhajar da ake yin su da ita ba.

Manyan sunayen daga Amurka suka fito. James McKinsey, malamin akanta a Jami'ar Chicago, ya kafa kamfaninsa a 1926. BCG ya biyo baya a 1963, Bain a 1973. Accenture kuwa reshen tuntuɓa ne na Arthur Andersen da ya ɓalle, ya ɗauki wannan suna a farkon 2001. Sai manyan kamfanonin akanta huɗu, Deloitte da PwC da EY da KPMG, waɗanda duka suna da ofisoshi a Najeriya. A gida kalmar ta ɗan yi baƙin jini, musamman tun rigimar dala miliyan 418 da wasu masu tuntuɓa suka nema a matsayin ladansu kan kuɗin da aka maido wa jihohi daga biyan bashin Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu ba da rance, gwamnoni suka ce ba su yarda ba. Wannan ya sa wasu ke ɗaukar kwansaltan a matsayin dillali mai kwat. Aikin na gaskiya ya fi haka gumi.

Abin da kamfanin tuntuɓa ke sayarwa shi ne ranakun ma'aikatansa. Ba shi da kaya a sito. Shi ya sa kowane ma'aikaci ke cike takardar lokaci duk ƙarshen mako, yana nuna awa nawa ya yi wa wane kwastoma, awa nawa kuma suka tafi a aikin cikin gida da ba mai biya. Daga nan ake fitar da lambar da ta fi kowace tasiri a rayuwar ƙaramin ma'aikaci, wato kason ranakunsa da aka sayar. Lissafin ba wuya. Shekara tana da ranakun aiki 260. A ce ka cire 20 na hutun shekara, 12 na hutun gwamnati, 8 na horo da rashin lafiya, saura 220. In an sayar da 176 daga ciki, kasonka kashi 80 cikin ɗari ke nan, kuma kusan nan kamfanoni da yawa ke son ganin ƙananan ma'aikata. Wanda ya yi wata biyu zaune a ofis ba a tura shi kowane aiki ba, kada ya ɗauka hutu ya samu. Albashinsa na fita, ba abin da ke shigowa da sunansa, kuma akwai mai kallon wannan lamba kowane wata.

Matakan hawa kusan iri ɗaya ne ko'ina, sunaye ne ke bambanta, kuma kowane mataki kan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Na ƙasa shi ke tattara bayanai, ya yi lissafi a Excel, ya tsara allunan gabatarwa. Na gaba da shi ana damƙa masa ɓangare guda na aikin ya riƙe da kansa. Manaja shi ke da alhakin aikin ya ƙare a kan lokaci kuma cikin kasafi. A ƙoli akwai fatna, mai kaso a kamfanin, wanda aikinsa kawo kwastoma. Abin da ke kayar da mutane shi ne kowane mataki da irin gwanintar da yake nema. Gwanin lissafi da ya zama manaja amma ya ƙi sakar wa na ƙasa da shi aiki, zai kwana a ofis kuma aikin ya makara. Manajan da ba a taɓa samun kuskure a rahotonsa ba amma bai taɓa jawo kwangila ba, ba zai zama fatna ba. Kamfanin McKinsey ya shahara da ƙa'idar ko ka hau ko ka fita: in wa'adin matakinka ya cika ba a ga alamar ka isa na gaba ba, za a ba ka lokaci ka nemi wani wuri.

Wanda ya bar kamfani ya tsaya da ƙafarsa, kuskurensa na farko yawanci a farashi ne. A ce albashinsa naira miliyan ɗaya ne a wata. Sai ya raba da kwana 22, ya ga kusan naira 45,000, ya ce kuɗin yininsa ke nan. Ya manta cewa yanzu shi ne mai neman aiki, shi ne mai rubuta takardun nema, shi ne mai bin bashi, kuma duk waɗannan ranaku ba mai biyansa. In ya sayar da rabin ranakunsa, wato 110, abin da zai samu a shekara bai kai miliyan biyar ba. Lissafin da ya dace daga baya yake farawa: miliyan 12 da yake son samu, a haɗa da kamar miliyan 3.4 na hayar ofis da man janareta da data da lasisin manhajoji da inshora, a raba da 110. Kuɗin yini ya kama naira 140,000. Ban da wannan, sai ya tambaya tun farko ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5, kuma ya san za a cire masa wani haraji tun daga tushe kafin kuɗin su shigo asusunsa.

Hanyoyin biya uku ne. Akwai biyan yini, inda kwastoma ke ɗauke da haɗarin aiki ya ja. Akwai biyan wata-wata don a riƙe ka ana tambayarka duk lokacin da buƙata ta taso. Sai jinga, a yanke kuɗi dunƙule kan aikin gaba ɗaya, a biya kashi-kashi: wani abu na kafin alƙalami ko bayan rahoton farko, wani bayan daftari, ragowar bayan an amince da rahoton ƙarshe. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun fi son jinga. A jinga kuwa, duk ranar da ta ƙaru daga aljihun kwansaltan take fita.

Nan ne takardar sharuɗɗan aiki, wadda 'yan sana'ar ke kira TOR, ta zama komai. A ɗauki kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano mai sito uku, da yake son manhajar da za ta haɗa saye da sayarwa da kaya da lissafin kuɗi wuri guda. An yi jinga kan kwana 60. Mako na biyu aka buɗe tsofaffin bayanan sito don a kwashe su zuwa sabuwar manhaja, sai aka tarar buhun sukari ɗaya yana da suna uku: a sito na farko "sukari buhu", a na biyu "sikari 50kg", a na uku wata lamba da magatakardan da ya bar aiki ne kaɗai ya san ma'anarta. Kaya dubu biyu, kowanne da irin wannan matsala. Wa zai zauna ya daidaita su? In takarda ba ta ce aikin kwastoma ba ne, to ya faɗa kan kwansaltan, kuma kwana goma sun tafi. Daga nan akanta ya ce a ɗan ƙara masa rahoton masu bashi. Manajan sito ya ce yana son gani a waya. Mai kamfani ya tuna yana da reshe a Maraɗi da ke ciniki da sefa. Ba wanda ya nemi babban abu, amma kafin a ankara kwana 60 sun zama 95, riba ta tafi har ta taɓa uwar kuɗi.

Maganin a rubuce yake, kuma kafin a fara aiki ake shan sa. Takarda ta fayyace abin da za a miƙa da adadinsa: sito nawa, masu amfani nawa, rahoto nawa, zaman horo nawa. Ta faɗi abin da ba ya ciki, wanda sababbin shiga ke jin kunyar rubutawa don kada a ce sun cika ƙwauro. Ta ambaci abin da kwastoma zai kawo da ranar kawowa. Ta bayyana mutum ɗaya, da muƙaminsa, wanda sa hannunsa ke nufin an karɓi aiki, da kwanakin da yake da su na dubawa, misali kwana goma na aiki, in suka wuce bai ce komai ba an ɗauka ya amince. Rashin wannan layi ɗaya ne ke sa kason ƙarshe na kuɗi ya yi wata shida a ofishin wani darakta. Duk ƙarin da ya taso kuma a cike masa takardar sauyi mai nuna kwana nawa da kuɗi nawa zai ci, a sa hannu, sannan a taɓa shi. Abin lura, da yawan buƙatun da ake cewa dole ne kan mutu da kansu da zarar an ga farashi a gefensu.

Manyan ma ba su tsira ba. A Afrilun 2019 kamfanin hayar motoci na Hertz ya maka Accenture a kotu a Amurka kan dala miliyan 32 da ya biya don sabon shafin intanet da manhajar waya. A cikin ƙorafinsa akwai cewa an tsara shafin don waya da kwamfuta amma an tsallake kwamfutar hannu ta tablet, kuma an gina shi don Hertz na Arewacin Amurka kaɗai alhali ana son sauran kamfanonin hayar mota da ke ƙarƙashin Hertz su ma su yi amfani da shi. Lidl, kamfanin manyan kantuna na Jamus, kuma ya watsar da aikin girka manhajar gudanar da kasuwanci ta SAP a 2018 bayan kusan shekara bakwai da kimanin yuro miliyan 500. Daga cikin dalilan da aka ruwaito, Lidl yana ƙiyasta kayansa da farashin saye, manhajar kuma an gina ta kan farashin sayarwa, aka zaɓi a lanƙwasa manhajar maimakon a sauya al'ada. Kwansaltan da ya san aikinsa tun a makon farko yake gaya wa kwastoma cewa kowace lanƙwasa tana da kuɗin yi, tana kuma da kuɗin gyara duk lokacin da aka sabunta manhajar.

Aikin gwamnatin tarayya yana bin dokar sayen kaya da ayyuka ta 2007 ƙarƙashin BPP, hukumar da ke sa ido kan ba da kwangilolin gwamnati. Ana fara da tallan neman masu sha'awa, a tace a bar kaɗan, sannan a nemi su kawo takardu biyu a rufe daban-daban, ta ƙwarewa da ta farashi. Kafin a kai nan sai kamfani ya nuna rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji da takardun hukumar fansho ta PenCom da asusun horar da ma'aikata na ITF da na inshorar ma'aikata na NSITF. Takarda ɗaya da wa'adinta ya wuce ta isa a ajiye naka gefe ba a karanta ba. In aikin na fasahar kwamfuta ne, hukumar da ke ba da shi tana buƙatar sahalewar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa.

A ayyukan Bankin Duniya ana fara buɗe takardar ƙwarewa, wanda bai kai makin da aka gindaya ba a mayar masa da ta farashi a rufe. Sau da yawa ƙwarewa na ɗaukar kashi 80, farashi 20. A ce kamfani na farko ya ci maki 85 da farashin miliyan 50, na biyu ya ci 75 da miliyan 40. Mai araha yana samun 100 a farashi, ɗayan 80, domin 40 kashi 80 ne cikin ɗari na 50. In aka ɗauki kashi 80 na makin ƙwarewa da kashi 20 na makin farashi, jimillar na farko 68 da 16, wato 84. Na biyu 60 da 20, wato 80. Mai tsada da miliyan goma shi ya ci. Mafi yawan makin ƙwarewar kuma daga tsarin yadda za a yi aikin da tarihin mutanen da za su yi shi yake fitowa, sunan kamfani kaɗan yake samu.

Wannan ne ya sa takardun shaida irin su PMP na sarrafa ayyuka da CISA na binciken tsarin kwamfuta ke da amfani, sai dai ba daga su ake farawa ba. PMP na neman mai digiri ya nuna wata 36 yana jagorantar ayyuka, CISA na neman shekara biyar na aiki a fannin, ko da yake karatu kan rage wasu. Masu tantancewa suna ƙirga ayyuka masu kama da wanda ake nema ne, da shekarar kowanne da rawar da mutum ya taka da wanda za a kira ya tabbatar. Don haka a ranar da aka karɓi rahoton ƙarshe ake neman takardar shaidar kammala aiki, mai ɗauke da sunan aikin da kuɗinsa da ranakun farawa da gamawa, tun jami'in da ya sa ido a kai yana kan kujerarsa ba a yi masa canjin wurin aiki ba.