Mene ne ciwon hanta nau'in C?

Idan likita ya ce mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C, yana nufin wata ƙwayar cuta ta bairos ta shiga jininsa ta zauna a hanta, tana yi mata lahani sannu a hankali. Ba ɗaya ba ne da nau'in A da ake kamuwa da shi ta gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma ya bambanta da nau'in B mai allurar rigakafi. Shi C har yau ba shi da rigakafi.

Ta jini yake yaɗuwa: ƙarin jinin da ba a tantance ba, allurar da aka yi wa mutum fiye da ɗaya, aska ko reza da ta taɓa jinin wani ba a tsabtace ta ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirunsa. Mutum zai iya shekara 20 yana harkokinsa, idonsa bai yi shawara ba, alhali hantar tana ƙanƙancewa. Wasu sai ciki ya kumbura ko sankara ta bayyana kafin su sani. Kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kori ƙwayar da kansa, sauran tana zama da su.

A shekarun 1970 wani likita mai bincike, Harvey Alter, ya lura a Amurka cewa wasu daga cikin waɗanda aka ƙara wa jini suna kamuwa da ciwon hanta wanda ba A ba ne, ba kuma B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar, daga baya Charles Rice ya tabbatar ita kaɗai ta isa ta haddasa ciwon. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2020.

Yau ana warkewa, kuma wannan ne abin da nake so kowa ya riƙe. Tun da aka amince da maganin sofosbuvir a 2013, ƙwayoyin da ake sha na mako 8 zuwa 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Da farko kuɗin maganin mutum ɗaya na mako 12 a Amurka ya kai dala 84,000. Masar, wadda cutar ta yi wa katutu sanadiyyar alluran maganin tsargiya da aka riƙa yi wa jama'a da sirinji ɗaya, ta haɗa maganin a gida da araha, ta gwada kusan mutum miliyan 50 daga 2018, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023.

Maganin gargajiya fa? An gwada silymarin, sinadarin wani tsiro mai ƙaya da aka daɗe ana yabonsa kan hanta, kuma binciken da aka wallafa a 2012 bai ga ya amfanar da masu nau'in C ba. Hanta ce ke tace duk abin da aka sha, don haka ɗura mata jiƙe-jiƙe tana fama ganganci ne.

Gwajin farko yana nuna ko ƙwayar ta taɓa shiga jiki ne kawai. Sai gwaji na biyu, na ƙirga yawanta a jini, yake nuna ko tana nan. Shi ake maimaitawa mako 12 bayan gama shan magani kafin likita ya ce an warke, kuma wanda ya warke zai iya sake kamuwa.