Waiwaye: Inda Marubutan Ban Tsoro Ke Ɗebo Labaran Wales

Adabin ban tsoro na yankin Wales, a Birtaniya, rijiya biyu yake sha, kuma ruwansu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce tsofaffin hikayoyin fada da ake kira Mabinogion, waɗanda aka adana a manyan kundaye biyu, Farin Littafin Rhydderch na wajajen 1350 da Jan Littafin Hergest da ya biyo baya. Charlotte Guest ta fassara su zuwa Turanci tsakanin 1838 da 1849. A hikayar Branwen akwai wata tukunya: a jefa gawar mayaƙi a cikinta yau, gobe ya tashi da ƙarfinsa, sai dai bakinsa a kulle. Ya ga abin da ke can, ba shi da halin faɗa.

Ta biyu ta mutanen ƙauye ce, kuma ita ta fi amfanar marubuta. Edmund Jones, wani limamin coci a Pontypool, ya tattara labaran fatalwa a 1780 yana mai gaskata su. Shekara ɗari bayansa, a 1880, Wirt Sikes, ƙaramin jakadan Amurka a Cardiff, ya fitar da British Goblins. Da yawa daga abin da suka rubuta ba dodo ne mai cin mutum ba, sanarwar ajali ce, kuma kowace da ƙa'idarta. Kyandir ɗin gawa, canwyll corff, haske ne da ke fitowa daga gidan wanda zai mutu, ya bi ainihin hanyar da za a bi da makara har maƙabarta. In ƙarami ne, yaro ne zai tafi. Toili kuwa jerin masu rakiyar gawa ne da ake gani tun mai gawar yana raye. Karnukan Annwn, wato duniyar ɓoye a hikayoyin Wales, farare ne masu jajayen kunnuwa, haushinsu na da ƙarfi in suna nesa, yana raguwa yayin da suke matsowa. Marubucin da ya juya wannan, ya sa haushin ya riƙa ƙaruwa, ya mai da su karnukan farauta kawai.

Wanda ya mai da wannan gado adabi shi ne Arthur Machen, haifaffen Caerleon a 1863, garin da kufan Romawa ke ciki har yau. The Great God Pan ya fito a 1894, The White People a 1904. Ya ɗauki Tylwyth Teg, aljanun da mutanen karkara ke yi wa laƙabi mai daɗi don gudun sharrinsu, ya ce ragowar wata tsohuwar al'umma ce da ke ɓoye a ƙarƙashin tuddai. Dabarar ta yi tasiri, har marubucin ban tsoro na Amurka H. P. Lovecraft ya yaba masa a 1927 ya kuma ara. Amma tana ɗauke da ra'ayin fifikon jinsi na zamaninsa, kuma masu kwaikwayonsa kan kwaso shi ba su ankara ba.

Alan Garner ya koma rijiyar farko a 1967 da The Owl Service, inda hikayar Blodeuwedd, matar da aka yi da furanni aka kuma mai da ita mujiya, ke maimaita kanta a kan matasa uku a wani kwari. Garner ɗan Ingila ne, Sikes Ba'amurke, Machen ma da Turanci ya yi rubutu. Shi ya sa fim ɗin Gwledd na 2021, wanda aka yi da harshen Welsh, ya ja hankali.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar Annwn a matsayin jahannama. A hikayar farko ta Mabinogion ƙasa ce ta liyafa da farauta, sarkinta Arawn mai cika alkawari ne, har ya yi musayar sarauta da Pwyll, sarkin Dyfed a Wales, na tsawon shekara guda. Wa'azin Kirista ne daga baya ya mai da karnukansa na wuta, kuma a wannan siffa Edmund Jones ya rubuta su.