Daga Zungeru Zuwa Karon Majigi: Waiwaye Kan Duba Gidajen Marayu da na Gajiyayyu

A farkon shekarar 2024 ne hukumar babban birnin tarayya ta garƙame wani gidan marayu da ke Karon Majigi a nan Abuja, bayan da aka samu yara 23 waɗanda ake zargin an kwaso su daga jihar Filato ba bisa ƙa'ida ba, daga baya kuma aka miƙa su ga gwamnatin jiharsu. Labarin ya yi 'yan kwanaki a bakin jama'a, sannan ya bi sahun 'yan'uwansa da suka gabata. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ba a cika yi ba a irin wannan rana: kafin zuwan jami'ai da kwaɗo da sarƙa, wane ne ke da alhakin shiga gidan a kai a kai, ya ga inda yaran ke kwana, ya ɗanɗana abin da suke ci, ya tambayi daga ina aka zo da su?

A ƙasar Hausa ta da, wannan tambaya ba ta taso ba, domin babu gidan da za a duba. Idan uba ya rasu, baffa ko kawu ne ke ɗaukar yaran, jaririn da ya rasa uwa kuma gwaggo ko kaka ce ke goya shi, tsoho kuwa a ɗakinsa yake ƙarasa kwanakinsa, jikoki na kai da komo a gabansa. Riƙo bai taɓa rasa aibu ba, kowa ya san labarin ɗan riƙon da ya zama bawan gida, amma akwai idon maƙwabta a kansa, akwai mai unguwa da liman da dangin uwa waɗanda za su iya sallama a ƙofar gida ba tare da sanarwa ba. Wannan idon jama'a shi ne mai dubawa na farko da muka sani, kuma shi ne abin da katangar gidan marayu ta zamani ta raba yaro da shi.

Tara marasa galihu wuri guda a ƙarƙashin hukuma ya zo ne da Turawan mulki. A zamanin Gwamna Lugga an buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, inda ake ajiye yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi, kuma a 1909 gwamnati ta miƙa yaran ga ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna Sudan United Mission (SUM) da ke Rumasha a gaɓar kogin Binuwai. Tun daga nan aka kafa tsarin da muke kai har yau, wato gwamnati ta sauke nauyin a kan masu aikin addini da masu jinƙai, ta koma gefe. Dokokin da suka biyo baya, irin su dokar masu taɓin hankali ta 1916 da aka sabunta a 1958, da dokar yara da matasa da ta fara aiki a Legas a 1943 ta iso Arewa a 1958, hankalinsu ya fi karkata ga yadda za a tsare mutum don kada ya dami gari, fiye da yadda zai rayu a inda aka tsare shi.

Abin da ya sauya girman lamarin a yankinmu shi ne talauci da rikici. Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, wato SAP, na 1986 ya raunana zumunci, cutar ƙanjamau ta bar marayu masu yawa, sannan rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010, da hare-haren ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos, da kwararar 'yan gudun hijira daga Arewa maso Gabas bayan 2009, suka cika gari da yaran da dangi ba su da ƙarfin ɗauka. Gidajen marayu suka yawaita a Jos da Bukuru, haka nan a gefen Abuja kamar Kubwa da Kuje da Gwagwalada. Dole a yi adalci a faɗi cewa da yawa daga cikin masu buɗe su tsoron Allah ne ya sa su, wasu ma da kuɗin fanshonsu suke ciyar da yaran. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta kashe gobara, ba ta kuma hana bara-gurbi fakewa da sunan marayu don tara sadaka ko sayar da jarirai.

A kan takarda, shekarar 2003 ce ta kawo gyara mafi girma. Dokar Kare Haƙƙin Yara da Shugaba Obasanjo ya sanya wa hannu ta ware sassa na musamman a kan gidajen kula da yara, ta hana gudanar da gida ba tare da rajista ba, ta kuma ba jami'an da aka wakilta ikon shiga su duba gini da yaran da ke ciki da littattafan da ake ajiyewa. Dokar ta fara aiki kai tsaye a Abuja, jihar Filato kuma na cikin jihohin Arewa na farko da suka karɓe ta, a 2005. A wannan shekara ta 2003 ne kuma aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, aka ƙara mata ƙarfi da sabuwar doka a 2015. Wanda ya karanta waɗannan dokoki ba zai ce an bar yara babu kariya ba.

Matsalar tana tsakanin ofis da ƙofar gida. Jami'in walwalar jama'a da doka ta ɗora wa aikin yakan kasance ba shi da mota ko kuɗin mai, ga shi kuma yana fama da shari'o'in ma'aurata da na yaran da aka tsinta, don haka ziyarar da ya kamata ta zama ta ba-zata sai ta koma wadda mai gida ne ke aiko da abin hawa a ɗauko mai dubawa. Duk wanda aka sanar da shi ranar zuwan baƙo zai share tsakar gida ya dafa shinkafa da nama. Akwai kuma wani ruɗani da ya daɗe yana cutar da mu, wato ɗaukar takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin lasisi. Wannan takarda shaida ce kawai cewa ƙungiya tana da suna da amintattu, babu wanda ya ƙirga gadaje ko ya leƙa banɗaki kafin a ba da ita, amma ita ce ake sanyawa a gilashi a rataye a falo, masu kawo sadaka su gani hankalinsu ya kwanta.

Shekarar 2019 ta nuna mana iyakar wannan sakaci. A watan Satumba 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa da ke Kaduna suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Kafin wata ya zagayo an yi irin wannan samame a Daura, a watan Nuwamba kuma aka fito da mutane 259 daga wani gida a Ibadan. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin waɗannan bayin Allah iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗin wata, saboda shaye-shaye ko kangara ko taɓin hankali sun fi ƙarfinsu, asibitin ƙwaƙwalwa kuma ya yi nisa ko ya yi tsada. Gidan mari ba ɓoyayyen wuri ba ne, unguwa ta san da shi shekara da shekaru, hukuma ce ba ta taɓa ɗaukarsa a matsayin wurin da ya wajaba ta riƙa shiga ba. Samame yana ceton wanda ya riga ya sha azaba, dubawa ta yau da kullum ce kaɗai ke iya hana azabar farawa, kuma mu mun saba da na farkon har muna kiransa da sunan na biyun. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sanya hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma fayyace haƙƙin majinyaci a duk inda ake kula da shi.

Ɓangaren tsofaffi shi ne ya fi zama baya. An daɗe da sanin gidajen gajiyayyu na gwamnati irin na Shahuci a Kano, amma sabon abu a Abuja shi ne gidajen kuɗi da ake kai tsofaffin ma'aikata waɗanda 'ya'yansu ke ƙasashen waje ko aiki ya sha musu kai. Dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta samu sa hannu a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa, ta kuma shiga tsara ƙa'idojin aiki da horar da masu jinya. Wannan ci gaba ne, sai dai tsohon da ruɗewa ta kama ba zai iya kai ƙara ba, gyambon kwanciya kuma ba a ganinsa sai an ɗaga zane, maganin hawan jinin da aka tsallake kwana uku ba ya barin alama sai ranar da mutum ya faɗi.

Ƙasashen da suka riga mu ma da baƙin labari suka koya. Amurka ta yi dokar gyaran gidajen jinyar tsofaffi a 1987, wadda ta wajabta dubawar ba-zata da ba za ta wuce tazarar wata 15 ba. Ingila ta kafa hukumar CQC mai duba asibitoci da gidajen kula da gajiyayyu a 2009, amma bayan shekara biyu kacal kyamarar ɓoye ta BBC ta tona yadda ake dukan masu naƙasa a gidan Winterbourne View, alhali wani ma'aikacin jinya ya riga ya kai kuka ga hukumar ba a saurare shi ba, ma'aikata 11 kuma aka same su da laifi. A yau hukumar tana ba kowane gida ɗaya daga cikin matsayi huɗu, tana wallafa rahoton, doka kuma ta tilasta wa gidan ya nuna matsayinsa a fili. A ganina wannan na ƙarshe shi ne ya fi sauƙin ɗauka a gare mu, domin ba ya buƙatar sabuwar doka mai tsawo, jerin sunayen gidajen da ke da lasisi ne kawai da ranar da aka duba kowanne, a liƙa inda mai kai sadaka da mai neman inda zai kai mahaifinsa za su gani.

A wani hunturu da ya wuce na raka wasu 'yan'uwa kai barguna wani gidan marayu a wajen garin Jos, inda sanyin Disamba ke shiga har ƙashi. Dattijuwar da ke riƙe da gidan mace ce mai himma, yaran suna kiranta Mama, ɗakunan kuma a share suke, sai dai na lura cewa tagogin ɗakin kwana duk ƙarfe ne, ƙofa ɗaya ce tak, kuma daga waje ake kulle ta da dare saboda tsoron ɓarayi, ga risho a lungu don ɗumama ɗaki. Da ta miƙo mini littafin baƙi in sa hannu, sai na yi ta buɗa shafukansa baya, na ga sunayen ƙungiyoyin mata da ɗalibai da masu bikin zagayowar haihuwa. Na ce mata, Mama, jami'an gwamnati fa, a ina suke sa nasu hannun? Ta ɗan yi shiru tana tunani, sannan ta ce sun zo lokacin da za a buɗe gidan, kuma idan na san hanyar da za a bi su dawo, tana so, domin akwai yara biyu da take neman a taimaka mata a gano danginsu.